Wa Ya Ce Waya Malama Ce?

Wani sabon abin alfahari ya shigo gidajenmu, kuma ya kamata a dube shi da kyau tun bai zauna da gindinsa ba. A taron suna ko na biki, a Gesse ko Badariya ko Tudun Wada cikin Birnin Kebbi, sai ka ji uwa ta kira ɗanta mai shekara biyu da rabi ta ce ya yi wa baƙi ABC. Yaro ya rera har ƙarshe, ya ƙirga ɗaya zuwa goma da Turanci, a yi ta tafi ana sa albarka. Sai uwar ta ƙara da cewa, "Wallahi ba wanda ya koya masa, a waya ya koya." Da murna ake faɗin wannan magana, alhali in an saurare ta da kunnen basira, ƙara ce aka shigar a kan gidan gaba ɗaya. Gida cike da mutane, amma ba wanda ya koya masa.

Matsayina a fili yake. Yawancin manhajojin da ake sauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar da sunan ilimi haja ce ta 'yan kasuwa, an liƙa mata kalmar ilimi don zuciyar iyaye ta kwanta. Ɓarnarsu mafi girma kuwa ita ce sun fara koya wa iyaye raina bakinsu, har uwa ta ɗauka hirar da take yi da ɗanta surutu ne, karatu kuma sai abin da ya fito daga gilashi da Turanci.

Mu fara da lakabin kansa. Wa ya ce manhajar ta ilimi ce? In uwa za ta saya wa ɗanta maganin tari a kemis, takan juya kwalbar ta duba lambar NAFDAC, domin ta san akwai hukumar da aikinta shi ne tantance abin da ke ciki. A rumbun sauke manhajoji na Google ko na Apple, wanda ya ƙirƙiri manhajar shi ne ke zaɓar rukunin da zai ajiye ta. Ba a tambayarsa hujjar cewa wani yaro ya taɓa koyon wani abu da ita. A 2015 wasu masana halayyar yara a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Kathy Hirsh-Pasek, sun yi nuni da cewa manhajoji kusan 80,000 ne ke ƙarƙashin rukunin ilimi a rumbun Apple kaɗai, kuma galibinsu ba a taɓa gwada su ba. Mai tallar maganin gargajiya a kasuwar Argungu, wanda ke cewa garinsa na maganin cuta arba'in, aƙalla muna ganin fuskarsa, mun kuma san ranar da zai dawo.

Sai maganar kyauta. Za a ce ai ba a biya ko sisi ba. To banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2018 masu bincike a Jami'ar Michigan, cikinsu har da likitar yara Jenny Radesky, sun duba manhajoji 135 na yara 'yan shekara biyar zuwa ƙasa, suka tarar kashi 95 cikin 100 na ɗauke da talla iri ɗaya ko fiye. Wata tallar na katse wasa a tsakiya, wata an ɓoye ta cikin abin da yaro zai taɓa, wata manhajar kuma ɗan tsanan da ke ciki ne ke matsa wa yaro a sayi kashi na gaba. A 2019 hukumomin Amurka sun ci tarar Google da YouTube dala miliyan 170 kan tattara bayanan yara ba da izinin iyayensu ba. Abin da ake sayarwa a wannan kasuwa shi ne idon yaro da lokacinsa, kuma gwargwadon daɗewarsa yana kallo, gwargwadon ribar mai manhaja. Shi ya sa aka cika ta da launi mai walƙiya da ƙararrawa da tafi duk bayan daƙiƙa kaɗan, shi ya sa kuma in an karɓe wayar yaro ke birgima a ƙasa. Kuɗin data kuwa, wanda hukumar NCC ta amince a ƙara da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, daga aljihun maigida yake fita. Wato mu ne muke biya a nuna wa 'ya'yanmu talla.

Wannan wasan ma ba yau aka fara shi ba. Kafin wayar shafa ta zo, an yi yayin faifan bidiyo na jarirai a Amurka, mafi shahara shi ne Baby Einstein, wanda kamfanin Disney ya saya a 2001. Sunan kaɗai ya isa talla: sa wa jaririnka ya zama haziƙi. A 2007 masu bincike a Jami'ar Washington suka tambayi iyaye kimanin 1,000, suka gano cewa a tsakanin jarirai 'yan wata 8 zuwa 16, duk ƙarin awa ɗaya ta kallon irin waɗannan faifai a rana na tafiya tare da raguwar kalmomi 6 zuwa 8 cikin waɗanda jaririn ke ganewa. Binciken bai ce faifan ne kaɗai sanadi ba, amma ya isa ya rusa da'awar cewa yana ƙara basira. A 2009, bayan matsin lamba daga masu kare haƙƙin yara, Disney ya amince ya mayar wa iyaye kuɗinsu. Abin da aka mayar wa Amurkawa kuɗinsu a kai, shi ne ya sake riga ya iso Rafin Atiku, muna kuma karɓarsa hannu bibbiyu.

Dalilin da ya sa gilashi ba ya koyar da ƙaramin yaro ba ɓoyayye ba ne. Farfesa Patricia Kuhl ta yi wani gwaji da aka buga a 2003. Ta ɗauki jarirai 'yan wata 9 daga gidajen da Turanci kaɗai ake yi, ta sa aka yi musu zama 12 da harshen Mandarin na ƙasar Sin. Wasu, mutum ne ya zauna gabansu yana musu wasa da karatu. Wasu kuma aka kunna musu mutanen nan dai a talabijin, wasu aka sa musu muryar kawai. Waɗanda suka zauna da mutum suka iya bambance sautukan Mandarin kamar jariran da aka haifa cikin harshen. Na talabijin da na murya kuwa ba su tsinci komai ba, tamkar ba su taɓa jin harshen ba.

Kowace kaka a Argungu ta san wannan ko da ba ta taɓa jin sunan Kuhl ba. Yaro na yin gwaranci, a amsa masa. Ya nuna akuya da yatsa, a ce masa akuya ce, ga ɗanta can. Ya ce "uwa" yana nufin ruwa, a yi dariya a maimaita masa daidai a miƙa masa moɗa. Maganar tana bin idonsa, tana zuwa a daidai lokacin da hankalinsa ke kan abin. Manhaja ba ta san inda yaro yake kallo ba, ba ta san ya gaji ko ya ji tsoro ba. In ya taɓa daidai ta yi masa tafi, in ya taɓa kuskure ta ce ya sake, iyakar amsarta ke nan. Hausa kuwa harshe ne da ake sha da kunne. Bambancin gari da ake zama cikinsa da gari na tuwo, ko fari na launi da fari na rashin ruwan sama, yana cikin jan wasali da hawa da saukar murya. Haka ɓ da ɗ da ƙ da ts. Yaro na kama su ne a shekarun farko daga bakin masu yi masa magana, kuma duk awar da waƙar Cocomelon ta cinye, daga cikin wannan rabo aka yanke ta.

Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara ƙarara: jariri ɗan ƙasa da shekara 1 kada a ajiye shi gaban allon waya ko talabijin sam, ɗan shekara 1 ma ba a so, daga shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ya fi. Shawarar ba ta ware manhajar da aka rubuta wa ilimi a goshi ba.

Yanzu a dubi abin da ake musanyawa. Yaron da ya tashi a gidan masunta kusa da Matan Fada yana jin sunan giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa da ƙurungu da ragon ruwa tun bai iya ɗaura wando ba. Ya san homa, ya san amfanin gora a ruwa, ya san lokacin da ruwa ke cika da lokacin da yake janyewa. Ɗan manomin fadama ya san dashe da yanka da bugu, 'yar mai gumi ta san shinkafar da ta turaru da wadda ba ta yi ba. A nan ake koyon rarrabe abu da abu, da jera aiki gaba da baya, da ƙirga mudu da tiya, wato ainihin abin da darasin kimiyya da lissafi za su nema daga baya. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake dangantawa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake gado a 2016, kuma ilimin ruwa da ke ƙarƙashinsa daga baki zuwa kunne yake tafiya. Sai ga shi mun ɗauki jikan wannan gida mun ba shi manhajar da ke koya masa sunan tufa da dusar ƙanƙara da wani tsuntsun ƙanƙara da ba zai taɓa gani ba, muna murna ya waye. Ya san sunan launi bakwai da Turanci, amma bai san yadda ake gaida kakarsa da safe ba.

Na san amsoshin da za a ba ni, kuma ba duka ne na banza ba.

Za a ce Turanci ne ƙofar jarrabawa da aikin gwamnati, gara yaro ya fara da wuri. Ba na musun darajar Turanci a Nijeriya. Amma rera ABC haddar waƙa ce, aku ma na iya yi. Yaron da ya iya ba da labari da Hausa, ya iya tambayar dalili, ya iya cewa "da a ce" da "saboda" da "amma", shi ne ke da ginshiƙin da wani harshe zai hau. An gwada wannan a ƙasar nan. Daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife sun koyar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi guda, sai yaran suka yi daidai da takwarorinsu ko suka fi su, har a Turancin kansa. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ma cewa ya yi a koyar da 'yan rabin aji da harshen uwa ko na unguwa. Maƙwabtanmu na Sakkwato, tare da Bauchi, da Hausa suka fara koya wa 'yan aji ɗaya karatu a shirin Mu Karanta. Wanda ke son ɗansa ya iya Turanci, ya fara cika masa kunne da Hausa mai kyau.

Za a ce zamanin na'ura ne, in ba a ba su ba za a bar su a baya. Shafa gilashi da yatsa ba fasaha ba ce. An ƙera wayar ne yadda kowa zai iya ta cikin yini ɗaya, shi ya sa tsohon da bai taɓa shiga aji ba yake aika saƙon murya a WhatsApp. Steve Jobs, wanda kamfaninsa ya fito da iPad a 2010, ya shaida wa wani ɗan jaridar New York Times cewa 'ya'yansa ba su yi amfani da ita ba, kuma ana taƙaita musu na'ura a gida. Mai ƙera manhaja gobe yana buƙatar haƙurin zama kan matsala da iya tunani a jere, manhajar da ke canza hoto duk bayan daƙiƙa uku kuwa kishiyar wannan take koyarwa.

Za a ce akwai inda kwamfutar hannu ta yi amfani. Gaskiya ne. A gasar XPRIZE da aka kammala a 2019, an raba wa yara a ƙauyukan yankin Tanga na Tanzaniya kwamfutocin hannu, kuma da yawansu sun koyi haruffa da lissafi, manhajojin Kitkit School da onebillion suka raba kyautar. Amma a dubi sharuɗɗan. Yaran sun kai shekara bakwai zuwa sama, akasarinsu ba su da makarantar zuwa, darasin da Swahili aka yi shi, harshen da suke ji, ba talla a ciki, kuma an auna su kafin da bayan. Wanne daga cikin waɗannan sharuɗɗa ne ya cika a kan ɗan yayen da aka miƙa wa YouTube a Bayan Kara? Haka nan kiran bidiyo daban yake. In uba yana Legas ko Yamai ya kira ya ga ɗansa, suna yi wa juna dariya, mutum ne ke amsa wa mutum, kuma Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ma ta ware wannan a shawararta ta 2016.

Amsa mafi nauyi ita ce ta uwar da ta gaji. Ga girki, ga wanki, ga goyo a baya, wataƙila ga aikin asibiti ko koyarwa, gidan haya ne ba kaka ba gwaggo, ba kuma tsakar gidan da yara goma ke wasa a ciki. Ta miƙa waya don ta samu ta sauke tukunya. Wannan uwa ba ni da bakin zarginta. Roƙona kawai a kira abin da sunansa: an sayi shiru na minti ashirin. Matuƙar an san shiru aka saya, za a yi masa iyaka. Ranar da aka kira shi karatu kuwa, minti ashirin zai zama awa huɗu ba tare da zuciyar kowa ta yi ɗar ba, domin wa ke ƙayyade wa ɗansa ilimi?

Zargina yana kan wasu ne daban. Na farko maigida, wanda ya sayo kwamfutar hannu mai murfin roba ya ajiye, ya ɗauka ya sauke nauyin tarbiyya, ya fita majalisa tun bayan la'asar sai dare ya raba. Can ma kansa a sunkuye yake kan TikTok. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Malam, ɗanka ya fi buƙatar ka ɗora shi a kafaɗa ku zaga bakin kasuwa kana faɗa masa sunan abin da yake gani. Wannan ba ya cin data.

Na biyu masu makarantun naziri na kuɗi da ke buga hoton yara riƙe da kwamfutar hannu a allon talla, suna ƙara kuɗin zango da sunan ajin zamani, suna kuma hukunta ɗan shekara huɗu don ya yi Hausa a aji. In mai makaranta ya nuna maka na'ura, tambaye shi yara nawa ne ke hannun malama ɗaya, nawa yake biyanta, littafin hoto nawa ke ajin, kuma akwai filin da yara za su yi gudu? Mun fi kowa sanin allo. Shekaru aru-aru ana karatu da shi a ƙasar Gwandu da Kabi, amma ba a taɓa jin wanda ya jingina wa ɗansa allo a bango ya tafi ya dawo ya tarar ya iya babbaƙu ba. Malam ne ke biyawa, yaro ya maimaita, a gyara masa. Allon gilashi bai canza wannan ƙa'ida ba. Nana Asma'u ma da ta so ilimi ya shiga gidajen karkara, jajis ta tura, mata masu baki da ƙafa, da karatu cikin harshen da matan ke ji.

Na uku mu ne, marubuta da masu karanta wannan shafi. Muna cika WhatsApp da Wattpad da littattafan soyayya masu babi ɗari, amma nawa ne cikinmu ya zauna ya rubuta shafi goma sha biyu masu hoto domin ɗan shekara uku? Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce domin 'yan makaranta, Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni. Bayansu me muka ƙara wa na ƙasa da su? In uwa a Argungu ta ce ta yarda da ni, ta ajiye waya, ta ce in ba ta littafin Hausa na ɗan yaye, me zan miƙa mata? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi suna da ɗalibai da malaman harshe. Su shiga ƙauyukan fadama su naɗo waƙoƙin reno da kacici-kacici da tatsuniyoyin ruwa daga bakin tsofaffi tun suna raye, a buga su da hoto, a sa a rediyo. In ma manhajar za a yi, a yi ta da Hausa, ba talla, mai aiki ba data, wadda aka tsara don babba da yaro su zauna kanta tare.

Kafin a kai can, abin da ke hannun kowane gida ba shi da tsada. Yaron da bai kai shekara biyu ba, a raba shi da waya in ba kiran ɗan uwa ba. Wanda ya haura, kada ya kai awa guda a yini, kuma babba ya zauna kusa yana tambayarsa me ya gani, yana haɗa masa da abin da ke cikin gida. A ajiye ta lokacin cin abinci da kafin barci. In an gama, a gwada shi: me ya faru a ciki, wa ya yi me, don me? In ba abin da zai iya faɗa sai maimaita waƙa, to an san abin da aka saya. Sauran lokacin kuwa a bar shi ya yi tuwon ƙasa, ya jera murafun kwalba, ya bi yayyensa wasan ɓuya, ya dami kowa da tambaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun nan biyar ba sa dawowa. Yaron da ya dame ka da "mene ne wannan?" sau talatin a yini, karatunsa yake yi, kai ne kuma malamin da aka ba shi. Ka amsa masa. Allah Ya raya mana su, Ya ba mu ikon sauke nauyinsu.